Shin ƙamshi yana dawo da hankali idan ƙwaƙwalwa ta gaji?

MaiJanBiro

Assalamu alaikum. Ina da tambaya ga masana da kuma waɗanda suka taɓa gwadawa. Ni malamin lissafi ne a wata makarantar sakandare, kuma yau kwana tara ke nan ina fama da makin takardun jarrabawar ƙarshen zango. Da safe nakan gama takarda arba'in hankalina na jikina, amma da zarar an idar da sallar azahar an ɗan taɓa abinci, sai in tsinci kaina ina karanta amsa ɗaya sau uku ban gane abin da yaro yake nufi ba. Shekaranjiya na tara makin wata yarinya na rubuta 47, da gari ya waye na sake bi sai ga shi 57 ne, wato da na tauye mata maki goma ba ta yi laifin komai ba. Abokin aikina da muke haɗa tebur yana da ɗan gwangwanin Robb a aljihun gaban rigarsa, kuma duk lokacin da ya ji kansa ya yi nauyi sai ya lakata ya goga a ƙasan hanci, ya ce da shi yake kai wa la'asar. Na gwada, na ji sanyi ya ratsa ni har cikin ka, idona kuma ya washe. Abin da nake so a warware mini shi ne, aikin ne yake gyaruwa da gaske, ko kuwa ni ne kawai nake jin kamar na wartsake alhali kuskuren yana nan?

Dan_Kantin_Kwari

Wa alaikumus salam, Malam. Shekarata goma sha biyu ina rufe lissafin shago da yamma, kuma abin da na riƙe shi ne shayi mai na'a-na'a da citta. Tun kafin in kurɓa, tururin da ke tashi daga kofin yakan sa in ji na dawo hayyacina, saboda haka ina ganin abokin aikinka bai yi ƙarya ba.

Malamin_Halayya

Malam MaiJanBiro, tambayarka ta raba abu biyu da mutane suka saba haɗawa, wato yadda mutum yake ji da yadda aikinsa yake fita, kuma masu bincike sun daɗe suna auna su daban-daban. Tushen wannan fage yana komawa ga Norman Mackworth, wanda ya yi wa rundunar sojan saman Birtaniya aikin gano dalilin da ya sa masu lura da na'urar rada suke barin alamun jiragen ƙarƙashin teku su wuce su a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. Ya ƙera wani agogo marar lambobi wanda hannunsa ke yin taki ɗaya a kowace daƙiƙa, jefi-jefi kuma ya yi tsallake mai tsawo, aka zaunar da mutane sa'o'i biyu su danna maɓalli duk lokacin da suka ga tsallaken. A sakamakon da ya buga a 1948, ya nuna cewa bayan rabin sa'ar farko kawai kamun mutane yake faɗuwa. Makin takarda ɗari masu amsa iri ɗaya ɗan'uwan wannan agogon ne.

A 1991 kuma Joel Warm da William Dember da Raja Parasuraman suka buga wani bincike da aka yi a Jami'ar Cincinnati ta Amurka. An ba mutane aikin sa ido na minti 40, ana busa wa wasu ƙamshin na'a-na'a lokaci-lokaci ta abin rufe hanci, wasu ƙamshin wani fure mai sanyi, wasu kuma iska tsura. Waɗanda suka shaƙi ƙamshi, ko wanne daga cikin biyun, sun fi kama alamun da ake nema. Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne, da aka tambaye su yadda suka ji nauyin aikin, amsarsu ba ta bambanta da ta masu iska tsura ba. A can ke nan aikin ne ya gyaru yayin da jin gajiyar ya tsaya inda yake, akasin abin da kake tsoro.

Direban_Tanka

Malamai ku gafarce ni, ban yi boko mai zurfi ba, amma na yi shekara ashirin da ɗoriya a kan hanyar Legas zuwa Kano. Babu abin da ban gwada ba, daga mantaleta a hanci, da ɓawon lemo a gaban mota, da kanumfari a baki, har sauke gilashi iskar asuba ta mare ni. Dukkansu suna aiki, sai dai aikin bai cika wuce minti goma ba. Wani dare bayan na wuce Lokoja, hancina cike da mantaleta, ni a ganina idona biyu, sai kawai na ji ƙarar tsakuwa a ƙarƙashin taya, ashe na sauka daga kwalta ban sani ba. Yaron motata ne ya yi salati ya damƙi kafaɗata. Barci ɓarawo ne, kuma tun daga ranar idan ya zo sai in nemi wuri in faka. Malami idan ya yi kuskure zai sake tara makinsa da safe, mu kuwa a kan hanya babu wannan damar.

Nas_Ta_Dare

Baba Direba, Allah ya ƙara tsarewa, kuma abin da ka faɗa ya dace da abin da muka karanta. Sanyin da Malam MaiJanBiro ya ji ba ƙamshi ba ne zalla. Sinadarin mantol da ke cikin na'a-na'a da waɗannan mayukan yana taɓa wata jijiya ta fuska wadda aikinta jin zafi da sanyi da raɗaɗi, ita ce kuma take sa hawaye idan ana yanka albasa. Mantol yana kunna ƙofar da jiki ke jin sanyi da ita, wadda David Julius da Ardem Patapoutian suka gano kowa a nasa ɗakin bincike a 2002, mutanen da suka samu kyautar Nobel a 2021. Shi ya sa yake kama da yayyafa ruwan sanyi a fuska. Ronald Eccles na Jami'ar Cardiff ya auna iskar da ke wucewa ta hanci kafin shaƙar mantol da bayanta, ya samu cewa hancin bai ƙara buɗewa ba ko da yake mutane sun ce sun ji ya buɗe.

Ita kuwa gajiyar rashin barci daga wani wuri take zuwa. Muddin mutum yana farke, wani sinadari da ake kira adinosin yana taruwa a ƙwaƙwalwa yana matsa masa ya kwanta. Kafeyin ɗin da ke cikin goro da shayi da gahawa yana toshe wurin da adinosin ke sauka na ɗan lokaci, amma barci ne kaɗai yake kwashe shi. A 1997 Drew Dawson da Kathryn Reid a Ostireliya sun nuna cewa wanda ya yi sa'o'i 17 bai runtsa ba, aikin hannunsa da idonsa yana lalacewa kamar na wanda barasa ta kai kashi 0.05 cikin ɗari a jininsa. Ni da nake kwana a ɗakin marasa lafiya, wajen ƙarfe huɗu na asuba ba na yarda da kaina a lissafin magani ko da na shaƙi me, sai abokiyar aikina ta sake dubawa.

Dan_Kantin_Kwari

To ashe shayin nawa kafeyin ne yake yi mini aikin, ni kuma ina yaba wa tururi. Amma 'yar'uwa, ai kafin in sha nake jin sauƙin.

Hajiya_MaiHumra

Ni sana'ata haɗa turaren wuta da humra, kuma daga hannun kakata a Maiduguri na koya. Abin da na gani a gidana ya saɓa wa abin da ake ta faɗa a nan. 'Yata tana shirin jarrabawar JAMB, kuma duk daren da na zuba turare mai sandal a kasko na zagaya ɗakuna da shi, ba ta yin minti ashirin sai in tarar littafi a kan ƙirjinta tana barci. Har ta roƙe ni in daina sa wa ɗakinta sai bayan jarrabawa. Ba kowane ƙamshi ne yake farkar da mutum ba, akwai wanda aikinsa saukar da jiki, kuma mu masu sana'ar mun san wanda ake sa wa amarya da wanda ake sa wa falo.

Malamin_Halayya

Hajiya, kin taɓo inda maganar ta fi daɗi. Mark Moss da abokan aikinsa a Jami'ar Northumbria ta Ingila sun gwada mutum 144 a 2003, suka raba su uku: masu ƙamshin furen lafanda, masu ƙamshin ganyen rosmari, da marasa komai. Lafanda, wanda shi ma mai saukar da jiki ne kamar sandal ɗinki, ya rage musu saurin amsawa da riƙe abu a ka, yayin da rosmari ya kyautata tunawa amma ya rage saurinta. Wannan ya goyi bayan 'yarki.

Sai dai a 2005 wasu masu bincike a Japan sun sauya lokacin da ake ba da ƙamshin. Sun sa ɗalibai maza 36 aikin kwamfuta mai buƙatar natsuwa na sa'a guda-guda har sau biyar a yini, da hutun rabin sa'a a tsakani, kuma a lokacin hutun ne kawai aka saka wa wasu lafanda, wasu ƙamshin furen yasmin, wasu babu. A zangon bayan azahar, inda natsuwar kowa ta fi faɗuwa, masu lafanda ne suka fi riƙe aikinsu, yasmin kuwa da ake ɗauka mai farkarwa ne bai yi komai ba. Fahimtata ita ce ƙamshi mai saukar da jiki ya sa hutun ya zama hutu na gaske. Da ni ne ke, sai in sa wa yarinyar turaren idan ta rufe littafi.

Mai_Shakka

Ina girmama Malam, amma ina roƙon a duba yawan mutanen da ake magana a kansu. Mutum 36 an raba su uku, kowane rukuni goma sha biyu ke nan, kuma duk samari ne 'yan jami'a. Akwai ma wani binciken na Moss a 2012 da ake yawan yayatawa, wanda ya danganta yawan sinadarin rosmari a jini da kyawun aiki, alhali mutum 20 kacal aka gwada. Babbar matsalar kuma ita ce ba a iya ɓoye ƙamshi yadda ake ɓoye ƙwayar magani. Wanda aka ba ƙwayar bogi bai san ta bogi ba ce, amma wanda aka busa wa na'a-na'a ya san an busa masa, kuma ya riga ya ji a gari cewa tana wartsakarwa.

Rachel Herz ta nuna ƙarfin wannan tsammani a 2001. An ba mutane wari ɗaya su shaƙa, sau ɗaya an ce musu cukun Italiya ne, wani lokacin an ce amai ne, sai suka yaba na farko suka ƙyamaci na biyu, akasarinsu ma ba su yarda cewa abu ɗaya ne ba. Ɗan Kantin Kwari da yake jin sauƙi kafin ya kurɓa, ina ganin jikinsa ne ya koyi cewa bayan wannan tururin kafeyin yana tafe.

Dan_Maradi

Maganar koyon jiki da Mai Shakka ya kawo ta tuna mini da ƙuruciyata. A makarantar allo da na yi, da dare muke zagaye wutar kara muna karatu, kuma har yau da na haura arba'in, idan na ji ƙaurin karan gero yana ci, sai in ji bakina yana neman motsawa da karatu, zuciyata ta tattaru wuri ɗaya. Matata kuwa, wadda ta tashi tana hura wuta a madafa, wannan ƙaurin ba ya tuna mata komai sai wahala da hawaye. Hayaƙi ɗaya ne, amma abin da yake yi mini daban, wanda yake yi mata daban.

Daliba_A_Shika

Baba Ɗan Maraɗi, akwai dalilin hakan a yadda aka halicci hanci. A can saman kogon hanci akwai ƙwayoyin jijiya masu kama wari, kuma Linda Buck da Richard Axel ne suka gano dangin ƙofofin da suke kama shi a 1991, aikin da ya ba su kyautar Nobel a 2004. Ɗan Adam yana da irin waɗannan ƙofofi kusan 400. Saƙon gani da saƙon ji sai sun fara ratsa wata tasha a tsakiyar ƙwaƙwalwa da ake kira talamus kafin su isa inda za a fassara su, amma saƙon wari yana isa kai tsaye ga sassan da ke maƙwabtaka da wurin tsoro da shauƙi da ajiyar abubuwan da suka wuce. Shi ya sa ƙamshin ƙasa bayan ruwan farko yake mayar da mutum gidan kakarsa kafin ma ya yi tunani.

Ina so kuma in ƙara wani abu a kan minti goman Baba Direba. Hanci yana saurin sabawa, ta yadda wanda ya shiga shagon turare yakan daina jin ƙamshin bayan 'yan mintoci, alhali wanda ya shigo bayansa zai ji shi da ƙarfi. A binciken Cincinnati da Malam ya ambata, ƙamshin zuwa yake ya tafi, ba a bar shi a hanci ba. Man da aka shafa a leɓen sama kuwa yana nan daram, don haka hancin zai daina kula shi.

Malamin_Halayya

Tun da an zo kan sabo, bari in ja hankalin Malam MaiJanBiro ga wani binciken na Herz da abokan aikinta na 2004. An sa mutane wani wasan kwamfuta da aka shirya don ya ɓata musu rai, a cikin ɗaki mai wani baƙon ƙamshi, daga baya aka ba su wasu kalmomi masu wuya su warware. Waɗanda aka sake saka wa wancan ƙamshin sun fi saurin haƙura su bar aikin. Idan kullum sai ka kai maƙura a gajiya kake buɗe gwangwanin, ina jin tsoron wata rana ƙamshinsa da gajiyar su zama abu ɗaya a wurinka.

Injiniya_Sabon_Gari

Ana ta maganar ƙamshin da za a ƙara, ni kuwa ina tambayar warin da ya kamata a cire. Malam, ɗakin malaman naku mutum nawa ne a ciki, kuma tagogi a buɗe suke? A wani ofis da na yi aiki, kowa yakan yi ciwon kai bayan azahar, ana ta sayen turaren fesawa, ashe bututun hayaƙin janareta ne yake fuskantar tagar bayan ɗakin. Da aka juya shi aka ƙara masa tsawo, ƙorafin ya ragu ƙwarai. Abin tsoron shi ne iskar kabon monoksaid da ke cikin wannan hayaƙi ba ta da wari ko kaɗan, kuma alamunta na farko su ne ciwon kai da jiri da kasala, waɗanda mutum zai ɗauka gajiyar aiki ce. Turare a irin wannan ɗaki yana rufe warin fetur ɗin da zai gargaɗe ka ne kawai.

Kada kuma wani ya dogara da hancinsa idan yana barci. Mary Carskadon da Herz sun gwada wannan a Jami'ar Brown a 2004, da na'a-na'a da kuma wani sinadari mai ɗoyi, suka samu cewa ƙara tana tayar da mai barci amma wari ba abin dogaro ba ne da zarar barci ya yi nisa.

Uwar_Biyu

Ina roƙon a riƙa tunawa da masu asma. Ɗana na fari ko turaren wuta aka sa a maƙwabta sai ƙirjinsa ya kama, ni kuma turare mai ƙarfi ciwon ɓarin kai yake tayar mini, in kasa karanta ko layi ɗaya. Wanda yake ofis da jama'a ya tambaye su kafin ya cika ɗaki da abin da shi yake ganin yana taimakonsa. Haka nan mayukan mantol da kafur ba a shafa wa jarirai da yara 'yan ƙasa da shekara biyu a hanci.

Hajiya_MaiHumra

Gaskiyarki, Uwar Biyu. Ni kaina ina ce wa masu saye su sa kaskon, hayaƙin ya kama labule da kaya, sannan su fitar da garwashin su buɗe taga kafin a shiga a zauna. Ƙamshin ake so, ba hayaƙin ba. Malam kuma na gwada shawararka jiya, na sa wa yarinyar bayan ta gama karatu, amma dare ɗaya bai isa in ce komai ba.

MaiJanBiro

Na gode muku duka, Allah ya saka da alheri. Ga abin da na yi cikin kwana ukun nan, kowace rana takarda 30 bayan azahar, washegari da safe kuma in sake bin jimlar makin. Ranar farko ban yi amfani da komai ba, na samu kuskure huɗu. Rana ta biyu na bi maganar ɗalibarmu ta Shika, na bar gwangwanin a rufe a kan tebur, bayan kowace takarda biyar in buɗe in shaƙa in rufe, na samu kuskure biyu. Rana ta uku na yi ƙailula ta kimanin minti ashirin a kan darduma a bayan ɗakin malamai, na yi alwala, na koma aiki ba tare da ƙamshi ba, na samu kuskure ɗaya. Injiniya, mu goma sha ɗaya ne a ɗakin, kuma taga ɗaya ce take buɗewa.

Mai_Shakka

Malam, na yaba da ƙoƙarinka, amma kwana uku da takarda 90 ba za su raba mana gardama ba. Kai ne mai gwajin kuma kai ne wanda ake gwadawa, ka san ranar da kake sa ran sakamako mai kyau, sannan zuwa rana ta uku ka riga ka haddace amsoshin. Akwai kuma abin da ba ka lissafa ba a rana ta biyu: duk lokacin da ka buɗe gwangwanin, ka ajiye biro, ka ɗaga kai, ka ja dogon numfashi. Wa ya sani ko wannan ɗan tsayawar ce ta rage kuskuren? Ka gwada gwangwanin da babu komai a ciki.

Nas_Ta_Dare

Ni ƙailular ba ta ba ni mamaki ba. Nauyin jikin da ke zuwa tsakanin azahar da la'asar yana cikin agogon jiki, yana zuwa ko mutum bai ci abinci ba, abincin ƙara masa ƙarfi kawai yake yi. Hukumar NASA ta Amurka ta gwada matuƙa jiragen sama masu dogon zango, aka ba su damar kwanciya ta minti 40 a kujerarsu, suka yi barcin kimanin minti 26, kuma sun fi takwarorinsu saurin amsawa a ƙarshen tafiya. Duk da haka ba zan raina gwangwanin ba, domin akwai daren da marar lafiya yake hannuna, babu halin in kwanta ko na minti biyar.

Direban_Tanka

Malam, in dai darduma tana nan a bayan ɗakin, ni ban ga abin da ya kai ka aljihun abokinka ba.

MaiJanBiro

Baba Direba, dardumar tana nan, amma shugaban makaranta ya gan ni a kanta ranar, kuma kallon da ya yi mini bai nuna ya karanta binciken NASA ba. Saura aji biyu ban gama ba. Zan nemi gwangwanin da ya ƙare in wanke shi kamar yadda Mai Shakka ya ce, abokin aikina kuma ya yarda shi zai riƙa bin jimlar makin da safe ba tare da na gaya masa ranar da na shaƙi wanne ba. Injiniya, ko akwai wata dabara ta sa iska ta ratsa ɗakin da taga ɗaya ce kawai take buɗewa, ƙofar kuma tana fuskantar filin da yara suke hayaniya?